Ɗigon madara a tukunyar kaza

Na koyi rubutu da girmana, a wurin wani malami ɗan dako, shi ya sa hannuna bai miƙe ba. A yi haƙuri.

Lokacin ina baiwa mai girki a gidan wani tsohon ɗan kasuwa Bayahude, a gangaren gari kusa da bakin jirgi. Coci yake zuwa don idon mutane, amma in ƙanensa ya zo sai su rufe taga, su zaro wani littafi daga ƙasan buhun sukari. Rubutu kaɗan a tsakiya, sharhi ya kewaye shi ta kowane gefe. Karatunsu musu ne. Ɗaya ya kawo hujja, ɗayan ya rushe, su yi ta rangaji suna nuna juna da babban yatsa.

Wata rana da hantsi madara ta ɗiga mini cikin tukunyar kaza. Su ba sa haɗa nama da madara. Na je na faɗa wa maigida da ƙanensa, raina fari tas, don in kazar ta haramta gare su tawa ce, kuma 'ya'yana mata biyu sun yi wata ba su ga nama ba.

Maigida ya ce, "In romon ya ninka ɗigon sau sittin, ta halatta."

Ƙanen ya ce, "Wa ya auna ɗigon, Yaya? Kai?"

"Kai, ɗan ƙaramin kai! Kaza ma tana da nono ne?"

"Magabata sun hana, ko tana da shi ko babu!"

Suka buɗe littafi, suka samo cewa mai girki wanda ba Bayahude ba shi zai ɗanɗana ya faɗi gaskiya: in ya ji madara a ciki, ta haramta. Suka juyo gare ni.

Na ɗanɗana romo. Na ce ban tabbata ba, na ɗauki cinya. Ƙanen ya ce ai madara ƙasa take sauka, na laluba ƙasa na ciro ƙundu.

Maigida ya ce, "To, uwar yara?"

Na so in yi ƙarya. Allah ya sani na so. Na ce, "Ranka ya daɗe, barkono kawai nake ji."

Maigida ya yi tsalle, ya yi nasara. Ƙanen ya kumbura, ya ce wadda barkono ya ƙona wa harshe ba ta shaida, shi kam ba zai ci ba. Ya turo kwanonsa wajena.

Ƙirji ne da fiffike biyu. Na rufe da zane na fita a hankali, kada su sake buɗe littafin.