Namadi Mai Kukuma Ya Koma Sayar da Gishiri

Ba a taɓa samun wanda ya ce muryar Namadi tana da daɗi ba. Matarsa Fatimatu ma in aka tambaye ta, sai ta ce ita dai ta saba. A shaƙe muryar take, kamar mura ta kama shi tun yana yaro ta ƙi sakinsa. Amma daga Zurmi zuwa Shinkafi, har Ƙauran Namoda inda jirgin ƙasa ke juyawa, in aka ce Namadi zai goga kukuma, mutane sukan ajiye abin da ke hannunsu.

A Birnin Tsaba aka haife shi, gidan manoma. Wani ɗan ci-rani daga Nijar ne ya sauka a zaurensu da kukuma, da zai koma gida ya bar masa ita. Mahaifinsa bai so ba, amma ya ce in dai sai an tashi daga gona, ba ruwansa. Namadi bai san fada ba, bai san masu kuɗi ba, don haka abin da ya gani shi ya waƙe: wane na Banga da shanun huɗarsa, wane da ya cika rumbu har ya ara na maƙwabci, wane da rana ba ta taɓa riga shi zuwa gona ba. In gonarka ta yi ciyawa, a cikin waƙar ma ciyawa za ta yi.

Da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara aka gayyace shi bikin murna a Ƙaura. Ya zauna ya tsara sabuwar waƙa, ya sa titi da asibiti da ruwan famfo a ciki. Jama'a suka saurara da ladabi har ya kai ƙarshe. Sai wani dattijo a sahun gaba ya gyara zama ya ce, "To, mun ji. Yanzu yi muna waƙa." Namadi ya koma kan shanun huɗa, fili ya ɗauka.

Bayan 'yan shekaru aka ƙaddamar da Shari'a. Namadi na cikin waɗanda suka yi murna, don shi mai sallar jam'i ne. Sai dai bukukuwa sun daina kiran makaɗa, wasan da ke haɗa maza da mata ya tsaya. Ba wanda ya zo ya ce masa ya bari. Shi ne ya duba ya ga furfura ta cika masa gemu, ya naɗe kukumar cikin buhu ya rataye a ɗaki, ya kama rumfa a kasuwar Ƙaura yana sayar da gishiri da kanwa.

Ciniki bai karɓe shi ba. Mutum zai zo ya sayi gishiri ɗan kaɗan, ya cire takalmi ya hau tabarma.

"Baba Namadi, ƙaƙa ma kac ce game da tsohonmu?"

"Na bar waƙa."

"Ai ba waƙa nac ce ba. Hwaɗa min dai da baki."

Sai Namadi ya faɗa da baki, kamar mai ba da saƙo: Sha'aibu na bakin gulbi, mai noma har kan iyaka, ya ɗan ƙetara. Mutumin ya yi dariya, wani lokaci ya share ido da hannun riga, ya tashi ya manta gishirinsa. Fatimatu ta ce ita ba ta taɓa ganin sana'ar da tabarma ke riga kaya ƙarewa ba.

Wata Alhamis ya shiga motar kasuwar Shinkafi, aka ba shi gaba saboda shekaru. Da suka fita gari direban, wani mai suna Abbati, ya tura kaset ya rage murya. Namadi ya ji kukumarsa. Bai ma san an taɓa ɗaukarsa ba.

"Baba, ka san wanga?" in ji Abbati. "Namadi ke nan. Irinsu sun ƙare. Ya rasu bara."

"Allah shi jiƙan shi," in ji Namadi.

"Amin," in ji mutanen baya gaba ɗaya.

Namadi ya ci gaba da sauraron kaset ɗin har Shinkafi. Abin bai ba shi haushi ba, sai dai ya lura a kaset ɗin ya yi saurin shiga amshi a wuri guda, kuma ga shi ba halin gyarawa.

Da damina ta kama, wata rana sai ga Maitama, ɗan Hisba daga Banga, ya tsaya bakin rumfar da rigar aiki. Masu zaman tabarma suka tuna suna da uzuri. Namadi ya jawo mudunsa ya ajiye a gaba, don a zatonsa awo aka zo dubawa.

Maitama ya durƙusa ya gaishe shi, ya daɗe yana gaisuwa. Sannan ya ce gayya zai kira a gonar mahaifiyarsa, ita kuwa ta rantse ba mai sa mata fartanya a gona in ba Namadi a wurin.

"Ɗana, kai da bakinka?"

"Na tambayi malaminmu, Baba. Ya ce in maza ne zalla, ba kayan kiɗa, ba batsa, waƙar ƙarfafa ma manomi ba laifi."

"In na ƙi fa?"

"Sai dai ka je ka hwaɗa ma Gwaggo da kanka. Ni ba ni iyawa."

Ranar gayya Namadi ya tsaya a bakin kunya ba kukuma. Da ya buɗe baki hannunsa na dama ya shiga goga iska, sai da ya karɓi sanda ya riƙe. Majiya ƙarfi suka duƙa, ƙasa ta fara tashi. Yana cikin tsohuwar waƙarsa ta noman gero ya iso wani baiti da ya yi tun yana saurayi, na Mardiyya mai fura, mai wushirya, wadda in ta ratsa gona kunya kan karkace. Ya dubi rigar Maitama, ya tsallake baitin.

Fartanyoyi suka tsaya. Manoma suka dubi juna, sannan suka rera baitin da kansu, da ƙarfi, har da inda yake jan numfashi. Maitama na can ƙarshen gona, bai ɗago kai ba. Daga baya ya ce iska ba ta wajensa take kaɗawa ba.

Da rana ta take aka kawo fura bakin gona. Tsohuwar da ta biyo masu ɗauke da ƙwarya tana dogara sanda ta tsaya daga nesa ta ƙwala masa kira.

"Namadi! Ni ka tsallake?"

Ya sa hannu ya kare rana. Mardiyya ce, ashe ita ce mahaifiyar Maitama, wadda yake kira Gwaggo. Wushiryar ta faɗaɗa ta cinye bakin duka.

"Saboda ɗanki ne, Mardiyya."

"Ɗana ni na haife shi. Gona kuma tawa ce."

Tun daga ranar kira bai yanke ba. Da rani yana rumfa, da damina yana bakin gonakin mutane, daga Banga har ƙauyukan Zurmi. Da aka fara sassautawa a kan kiɗa ya sauke buhun kukumar nan, ya tarar ɓeraye sun cinye izgar kukumar. Ya ce ba komai, ya mayar ya rataye.

A shekarunsa na ƙarshe sai a kan babur ake kai shi, a zaunar da shi gindin kirya. Sunaye sun fara kuɓuce masa. In ya kai wurin suna ya yi shiru, manoma su cika masa, ya gyaɗa kai a wuce. A wata gayya kusa da Zurmi ya yi irin wannan shirun, wani saurayi ya yi wuf ya jefa sunan mahaifinsa a gurbin. Namadi ya ɗaga sanda, kowa ya tsaya.

"Wa kac ce?"

"Sodangi, Baba."

"Sodangi na bakin tasha? Wanga tela ne."

Aka cire Sodangi, aka ci gaba da noma.