Yaren da Yarinyata Ta Zo da Shi

Shekararta uku da 'yan watanni lokacin da na lura yarinyata ta daina kuka da sauti. Hawaye za su zubo, baki a rufe, ido a kanki. A da kuwa in ta buɗe maƙogwaro har mai shagon bakin layi sai ya san an hana ta wani abu. Da farko cewa na yi alhamdulillahi, ta yi hankali. Sai ga fitsarin kwance ya dawo, abin da ta bari tun kafin azumi. Sai cin farce. In kika kira ta ba za ta amsa ba sai ta gama kallon bakinki tsaf, kamar mai duba canji.

Nan na ce a'a, akwai mai yi wa yarinyar nan wani abu.

Lokacin ina aiki a wani kamfanin biskit a Sharaɗa, ɓangaren zuba kaya a kwali, shif ɗin safe, shida zuwa biyu. Maigidana yana kamfanin fata a Challawa, shif ɗin yamma. Motar kamfaninsu ƙarfe ɗaya take ɗaukarsu. Ni kuma kafin a caje mu a get, in samu adaidaita, in iso Ɗorayi, uku ta yi, in an riƙe mu obataim, wato ƙarin lokacin aiki, har bayan la'asar. Wannan ratar ta tsakani ita ta kai mu wajen Inna.

Inna tsohuwa ce a gidan hayar da muke, ɗakinta ne na ƙarshe, kusa da rijiya. Daga wajen Damagaram ta zo, ɗanta yana gadi a wani kamfani a Bompai. Ba ta da yawan magana, ba ta shiga sabgar kowa, kuma ita da kanta ta ce mu riƙa bar mata yarinyar. Da wannan na fara. Na ce me ya sa ita ta nema? Mutum ya ga wahala ya ce a ba shi?

Sai na shiga tara hujja. Duk sanda na je ɗauko ta, barci take, barci mai nauyi, da rana tsaka. A wajen aiki kuwa mata ba su da hira sai ta masu raino da ke ɗura wa yara maganin mura don su huta da su. Na fara shinshina bakinta a hanyar ɗakinmu. In ina yi mata wanka ina juya ta, cinya, baya, bayan kunne, ina neman shatin tsunguli. Ban samu ba, amma hakan bai kwantar min da hankali ba, cewa na yi tsohuwar ta iya hannunta. Ranar nan na shiga ɗakinta da sunan neman gishiri, idona yana kan kwalaben da ta jera a taga. Ɗaya ba ta da takarda. Kwana na yi da kwalbar nan a raina.

Abin da ya fi cina, in ta farka ta gan ni, sai ta koma bayan Inna ta riƙe zanenta. Ni da na haife ta. Na ce ko dai an ba ta wani abu ta sha ne.

Wata ranar ina wanki a ƙofar ɗaki, sai na ji ta a bayan duron ruwanmu tana ƙusƙus. Na leƙa. Ta ajiye 'yartsanarta a tsakiya, takalmin babanta a gefe ɗaya, silifas ɗina a ɗaya gefen. Tana ture 'yartsanar nan da can, tana cewa ƙasa-ƙasa, "Teka. Ayantaya. Teka." Na ce me kike cewa? Ta yi tsit, ta kafa wa bakina ido. Na maimaita kalmomin a raina, ba Hausa ba ne, ba kuma karatun Islamiyya ba ne. To ni na sha jin Inna a waya tana Barbarci da 'yan'uwanta. Shi ke nan, lissafi ya fita. Ko zagi take koya mata da yarensu, ko kuma wani surkulle ne take tofa mata.

Na gaya wa maigidana. Ya ce neman fitina nake, in na kori tsohuwar wa zai riƙe yarinyar, ko aiki zan bari? Nan shi ma na sa shi a layi. Dama ina zargin shi ya roƙi a bar shi a shif ɗin yamma don ya tsere wa hidimar dare, kuma ina zargin tun goma na safe yake miƙa ta ga Inna ya koma ya miƙe ƙafa. Mun taɓa ɗan sama da ƙasa a kan haka, amma dai ba a gabanta ba. Wato a gabanta ne, amma muna da tsari. Mahaifiyata ta taɓa ja min kunne cewa ba a faɗa yaro yana ji, don haka in abu ya taso sai mu sauke murya mu juya harshe zuwa Turanci. Har alfahari nake da wannan wayewar tamu.

Ƙawata da muke tsayawa kafaɗa da kafaɗa a kan layin kwali, ita ta kawo dabarar waya. Ta ce ki daina ciwon kai, ki kunna rikodin ki cusa a jakar yarinyar, mugu bakinsa ne zai kama shi. Ranar wata Asabar ba ni da aiki, na ce wa Inna an kira mu obataim. Har rigar kamfani na sa a ƙarƙashin hijabi don ƙaryar ta zauna. Na kunna wayar, na tura ta can ƙasan jaka, ƙarƙashin wandon canji. Na tafi ɗakin ƙawata na zauna awa uku, hannuna sai lalubar aljihu yake, babu waya.

Da na dawo, Inna ta miƙo min jaka da hannu ɗaya, waya da ɗaya hannun.

"Kin manta wannan a kayan yarinya. Ta yi zafi, na sa ta a inuwa."

Na duba fuskarta, babu komai a kai. Na ce na gode. A raina na ce ta gane, duk abin da ke ciki yanzu wasan kwaikwayo ne.

Duk da haka na saurara. Ƙarar tsintsiya. Rediyo. Inna tana lallashi, buɗe baki jikalle, saura loma ɗaya. Babu duka, babu tsawa, babu ƙarar cokali a kwalba. Can sai kalmomin nan suka fito, teka, ayantaya, sai muryar Inna tana tambayarta wai wannan yaren a ina ta samo shi, ita dai ba ta jin sa. Na ce ka ji makira, don waya ta ji take faɗa. Bayan nan sai bubbuga baya, a hankali, ya daɗe sosai, har numfashin yarinyar ya canza.

Ran Litinin da aka ba mu hutun cin abinci, muka koma bayan kantin abincin kamfani ni da ƙawata, kowa da iyafis ɗaya a kunne. Na kai mata daidai wajen. Na ce ke da kike da maƙwabta Barebari, ji min wannan. Ta saurara, ta fashe da dariya har tana ƙwarewa da shinkafa, sai kuma dariyar ta tsaya.

"Ke, wane Barbarci? Turanci ne fa. Tek ha. Ayam tayad. Ɗauke ta, na gaji."

Na ce a talabijin ta ji. Ta ce Innar taki tana da talabijin? Ba ta da shi. Na ce to yaran gidan. Ta ce yaran gidanku da ko Hausar ba su gama iyawa ba? Ta ƙwace wayar ta mayar baya, ta ce in buɗe kunne da kyau, murya biyu ce. Gaskiyarta. Akwai mai kauri, akwai siririya. Mai kaurin ta ce ayantaya, siririyar ta ce teka, sannan aka ja tsaki, dogo, mai lanƙwasa a ƙarshe.

"Wannan tsakin kuwa," in ji ta, "kullum ina shan sa in sufabaiza ya wuce ta bayanmu. Hajiya, naki ne."

Asuba ce ta dawo min. Ina ɗaura ɗankwali ina duba agogo, yarinyar ta farka ta riƙe ƙafata, shi kuma bai daɗe da kwanciya ba, jikinsa har lokacin yana warin jima. In ɗaga ta in dangwara masa a ƙirji, ya turo min ita, in mayar. Murya ƙasa-ƙasa, wani lokacin har da murmushi don kar ta gane. Ranar Lahadi ma haka, ni ga wanki, shi ga barci, ita a tsakiya. Takalmi a nan, silifas a can.

Ƙawata ba ta tsayar da rikodin ɗin ba, ya ci gaba. Bayan tsakin akwai wani ɗan guntu da ni ban kula da shi ba a saurarona na farko, don lokacin muryar Inna kawai nake farauta. Yarinyar ta koma muryarta ta gaskiya, tana yi wa 'yartsanar magana da Hausa tsantsa.

"Yi shiru. Sun gaji."

Ashe har fassara ta iya.

Ƙararrawar komawa aiki ta buga. Ranar kwali nawa na rufe ba daidai ba, ban sani ba, sai da sufabaiza ya yi magana. Ban yi tsaki ba, ƙawata ta kalle ni ta gefen ido.

Da na koma gida ban wuce ɗakinmu ba, na zarce wajen Inna. Yarinyar tana barci a kan tabarma, Inna tana tsince wake a faifai. Na durƙusa na gaishe ta, na yi ta kewaye-kewaye, zafi, rashin wuta, tsadar adaidaita. Daga ƙarshe na ce Inna, wayar nan ba mantuwa na yi ba, ku yafe min. Ta ce ta sani. Ta ce ita ba ta yi boko ba, amma ba ta taɓa ganin uwar da ta yi mantuwar waya a ƙarƙashin wandon yaro ba, an kuma ninke wandon a kai. Ta ce ranar da na zo neman gishiri ma ta ga inda idona yake, kwalbar man ƙafarta ce, in ina so in ɗauka in kai asibiti a auna.

Na so ƙasa ta tsage in shige, ta ƙi. Abin da ke raina ɗaya ne, in ta ce kar a sake kawo mata ita, ba aikina kawai ne ya tafi ba, wurin da yarinyar take iya rufe ido ne ya tafi. Na ce to maganar barcin fa, Inna? Har a lokacin bakina bai daina bincike ba. Ta ce yaron da ke kwana da kunne ɗaya a buɗe, ina zai rama barcin in ba inda babu tashin hankali ba? Ta ce yaren dai ba ta ji, amma tun ranar farko ta san wa ake kwaikwayo, ta yi shiru ne don ba a tambaye ta ba.

Na ce gobe in kawo ta? Ta ci gaba da tsintar wakenta. Ta cire tsakuwa ɗaya, ta cire biyu, ta hure faifan.

"Ki kawo ta. Ba don ke ba."

Ran Lahadi da safe na sa wa maigidana iyafis a kunne, ban yi masa bayani ba. Yarinyar tana bakin ƙofa da kofin kokonta. Na ga lokacin da ya gane muryarsa, don hannunsa ya tsaya a kan gemu. Da ya cire, abin da ya fara zuwa bakinsa kare kai ne, ya juyo zai ce ai ke ce, kuma da Turanci ya ɗauko ta. Kalma ɗaya ya yi. Yarinyar ta ajiye kofin, ta miƙe, ta nufi bayan duro. Mu biyu muka bi ta da kallo.

Ba zan ce mun daina saɓani ba, shif bai canza ba, gajiya ma haka. Abin da muka yi, ni na koma shirya kayana tun yamma don in samu minti goma na zama da ita da asuba, shi kuma ya amsa cewa lalle wasu ranakun tun sha ɗaya yake kai ta, ba goma ba, a kan wannan awa ɗayan ma sai da muka ja. In magana ta taso muna barin ta sai yarinyar tana wajen Inna, mu yi ta a waya lokacin hutuna, da Hausa, kowa ya ji zafinta yadda take.

Washegarin Lahadin nan, da asuba, ta farka ta riƙe ƙafata kamar kullum. Kafin in yi motsi ya tashi zaune, ido a kumbure, ya miƙa hannu ya ce zo nan uwata, zo in ɗauke ki. Ba ta je ba. Ta kalli bakinsa, ta kalli nawa, ta sake kallon nasa, irin kallon da na yi wa kwalbar Inna. Sai da na kusa makara sannan ta saki zanena, ta taka a hankali ta tsaya kusa da shi, ba ta hau ba, hannunta ɗaya a kan gwiwarsa, idonta a kaina har na fita.

Fitsarin kwance ya ɗauki wata biyu kafin ya tafi. Kukan kuwa, ranar da ta fara kurma ihu a kan an hana ta alawa, mai shago ya leƙo yana tambaya lafiya, ni ina tsaye ina jin ta kamar an min albishir. Amma takalmin da silifas ɗin har yanzu wani lokacin ina samun su a bayan duro, a jere, 'yartsana a tsakiya. Ba na tambayarta. Ina dai rage ƙarar wankin, in kasa kunne, in ji da wane yare suke magana yau.