Girgizar da Eun-seol Ta Saya

Talatar ta fara kamar kullum. Da sassafe Pyo Eun-seol ta ɗumama miyar ganyen teku, ta zuba wa mahaifinta shayin sha'ir. Tun rasuwar mahaifiyarta su biyu ne a gidan. Malam Pyo, tsohon malamin lissafi, ya leƙo ta saman jarida.

"Yau sama ko ƙasa, 'yar caca?"

"Haba Baba! Ni ba ruwana da sama ko ƙasa. Girgiza nake saye."

"A wane kanti ake sayar da ita?"

"Da akwai kantin, ai da na huta."

Gaskiyarta. A lokacin, kasuwar hannayen jari ta Seoul ba ta da takardar cinikin girgiza zalla, sai dai mutum ya harhaɗa abinsa. Takan sayi takardu biyu a kan ma'aunin hannayen jari, zaɓin saye da zaɓin sayarwa, farashi ɗaya, wa'adi ɗaya. In kasuwa ta zabura ko ta rikito, ɗayar ta biya kuɗin duka biyun har da riba. In ta kwanta lumui, kowace rana sai ta gutsiri darajarsu, har wa'adi ya cinye su.

Ƙarfe tara ta zauna gaban kwamfuta a ɗakinta. Da rana ta ci shinkafa a tsaye. Da aka tashi kasuwa ta fita sayo wa mahaifinta maganin hawan jini. A hanyar dawowa motar kaya ta ƙwace a mararraba, ta banke ta. Shekarunta talatin da huɗu.

Bayan an tashi daga zaman makoki, abokin cinikinta Mun Tae-sik ya zo ya kunna wa Malam Pyo kwamfutar. Takardun nan biyu suna nan, wa'adinsu Alhamis ta biyu a wata mai kamawa.

"Baba, a sayar yau," in ji Tae-sik. "Kasuwa ta lafa, narkewa suke kamar ƙanƙara."

"In an sayar, me zai rage a allon?"

"Babu komai."

"To, a bar su."

"Da tana nan, da ta kira mu dolaye."

"Ni ta sha kirana."

Malam Pyo bai jahilci lissafin ba, ya san abin da kowace rana ke ci. Amma tufafinta sun tsaya cik, takalmanta ma haka, waɗannan lambobi ne kaɗai nata da ke motsi. Kowace safiya yakan zauna a kujerarta yana kallon su, ja in sun hau, shuɗi in sun sauka. Wannan ta ɗaga, waccan ta sunkuya. A nan ya gane aikin da ya yi shekaru yana kira caca.

Kasuwa ba ta girgiza ba. Ranar Alhamis ɗin ma'aunin ya tsaya dab da inda ta saya, takardun suka tashi kusan a banza. Da safiyar Juma'a allon ya wayi gari fayau. Sai a ranar ya yi kuka.

Ranar addu'ar kwana arba'in da tara aka ƙona rigarta da takalmanta a haikali, bisa al'adarsu. Littattafanta da kwamfutar ya ba Tae-sik. Sauran tufafin aka kai wa 'yar ƙanwarsa a Daegu. Ledar maganin da aka tsinta a gefen titi kuwa, 'yan sanda sun kawo masa. Ya riƙa shan ƙwaya ɗaya kowace safiya, yadda likita ya ce, har saura ɗaya. Tana nan cikin takardarta, kusa da butar shayi.