Kusurwar da Mu'minat Ba Ta Sharewa

A unguwarsu a Tanut, in aka ce "ƙazamar nan", kowa ya san Mu'minat matar Abdulgani mai gyaran babur ake nufi. Ƙarya ce kuwa tsagwaronta, kuma masu faɗa sun san ƙarya suke yi. Matar da kwanukanta ke ɗaukar ido! Laifinta ɗaya ne: akwai wata kusurwa a tsakar gidanta, gindin katangar gabas, da ba ta yarda tsintsiya ta shiga.

A Ollelewa aka haife ta, gidan manoman gero, inda yaro in ya taɓa laka sai ya sha ranƙwashi. Ta sha nata har ta ƙoshi. Da ta yi nata gidan, sai ta bar wa ƴaƴanta wannan kusurwar. Ba ta koya musu komai, ba ta cewa wannan ya yi kyau, wancan ya karkace. Ruwan wanke-wanke kawai take tara musu a tsohuwar tasa, a garin da ruwa ke da wuya, su kwaɓa ƙasa su yi abin da ransu ya so. A haka suka gina gari guda, da rumbuna, da kasuwa, da raƙuma masu ƙafar kara.

Mai garin ita ce Zuhaira, ƴarta ta uku, mai shekara bakwai. Yarinyar tana da i'ina mai tsanani. A lakwal, wato makarantar boko, yara sun yi ta kwaikwayonta har ta rufe baki ruf, a gida ma sai dai ta nuna da hannu. Amma in ta tsuguna a kusurwar nan, sai ka ji tana ciniki da muryar wani Aghali mai raƙuma da ta ƙirƙiro, harshe na tafiya ba tuntuɓe. Nan kaɗai uwar ke jin muryar ƴarta. Takan ci gaba da tankaɗe, ko waiwaye ba ta yi, don kada yarinyar ta tsargu.

Sai Mu'minat ta haihu. Fatu, yayar Abdulgani, ta zo suna daga Belbeji da bakinta da iyayinta. Ranar suna da sassafe, maijego tana wanka, Fatu ta ɗauki fartanya ta baje garin nan kaf, ta kwashe ta kai juji, ta shimfiɗa tabarmar baƙi a wurin. Wai gyara ta yi. Wa ya aike ta?

Mu'minat ta fito ta tarar da Zuhaira tsaye ƙiƙam, ko kuka ba ta yi.

"Yaya Fatu, me yaran nan suka yi miki?"

"Ke dai ba kya jin kunya," in ji Fatu. "Gidan ƙanena ne, ba zan bari mutane su zo su ga shara ba. Ki bar yarinya tana surutu ita kaɗai kamar mai aljanu?"

Ran Mu'minat ya ɓaci irin ɓacin da bai taɓa yi ba. A gaban mata ta naɗe tabarmar ta jefar bakin ƙofa.

"A nan take magana, Yaya. Da kin tambaye ni."

Fatu ta koma Belbeji da fushi tun kafin a raba naman suna. To, sai me? Ɓarnar ta riga ta auku. Kwana goma Zuhaira ba ta ce uffan ba, kusurwar ma zagaye ta take yi. Abdulgani ya ce a sa ta dole ta gina wani. Mu'minat ta ce wallahi babu mai sa ta, ai ba aikin gona ba ne. Tsoro kuwa ya cika mata ciki, kada muryar nan ta tafi ke nan.

Sai Mu'minat da kanta ta zauna a kusurwar, jariri a baya, ta kwaɓa ƙasa. Hannun da aka hana tun yana ƙarami ba abin da ya iya. Rumbunta ya faɗi, raƙuminta ya fito kamar akuya. Ba ta kira kowa ba. Kullum da la'asar sai ta zauna ta sake ɓatawa, tana haɗiye takaici.

A rana ta biyar da farawarta ta ji mutum ya tsuguna a bayanta. Ba ta juya ba. Sai wata ƙaramar murya ta fito da ƙyar, tana sarƙewa.

"I-Inna, ba haka ake wuyansa ba. Kawo."