Ankon Bikin Mang

Mama Nankling ba ta taɓa barin mutum ya kai ƙarshen maganarsa ba. Tun tana Pankshin haka take, zuwa unguwar Bronx a ƙasar waje kuma bai rage ta da komai ba. Kana cewa ka je asibiti jiya, ta riga ta gano ciwon, ta faɗa maka maganinsa, ta ɗora da addu'a cikin sunan Yesu, alhali kai dubiya ka je. Marigayi mijinta yakan ce shi bai taɓa neman aurenta ba, gaisuwa ya tsaya yi, sai ya ji ana zancen sadaki.

Aikinta kula da tsofaffi ne a gidajensu, ta yi musu wanka, ta ba su magani, ta yi musu faɗa da Hausa su kuwa suna murmushi. Amma in kana son ganin Mama Nankling ta gaskiya, sai ranar Lahadi, a ɗan cocin 'yan Arewa da ke haya a ƙasan wani bene a University Heights. Ita ce mai buga tulu a Zumuntar Mata. Tulun nan a cinyarta ya hau jirgi daga gida, nannaɗe da zannuwa, kuma ko matar Fasto ba ta isa ta taɓa shi ba. Duk abin da ta rasa a ƙasar nan, miji da dangi da rana mai zafi, a bakin tulun nan take samunsa.

A benen da take zaune, a hawa na sama da nata, akwai wani saurayi, Mang, direban bas, ɗan Filato kamarta. Shi ke ɗaukar mata kaya in lif ya lalace, ita kuma ta ɗura masa gwate har sai ya roƙi arziki. Ɗana take ce masa. Abu ɗaya ke damunta da shi, ba ya zuwa coci, in ta tambaya kuma sai ya sosa ƙeya. Yana zaune da wani abokinsa, Wilfredo, mai aski, mutumin Dominika.

Ran nan ta hango su a titi suna tafe riƙe da hannun juna. Daɗi ya kashe ta. Ta ba matan Zumunta labari cewa a garin nan da maƙwabci ba ya gaida maƙwabci, yau ta ga aminai biyu hannu cikin hannu, sak yadda maza ke yawo a kasuwar Jos. Elisabet, wadda ta girma a nan, ta yi gyaran murya ta fara cewa ai a ƙasar nan in an ga maza biyu haka... Mama ta tare ta da cewa ta sani, ba a saba gani ba, shi ya sa take gode wa Allah.

Da Mang ya sauko wata Asabar ya ce mata zai yi aure, bai rufe baki ba ta callara guɗa, har karen hawa na biyu ya amsa. Ta dafa ƙirji ta ce ita ce uwar ango, duk benen nan su shaida. Ya ce, "Mama, ni da Wilfredo..." Ta ce ƙanwarsa ce ko? Ai dama ta ga alama, gidan mutunci ne. Kafin sati ya zagayo ta sauka Harlem wurin Souley, telan nan ɗan Nijar da ke titin 116, ta zaɓi atamfa koriya mai zanen ganye, ta sa ya ɗinka wa matan Zumunta anko. Aka shiga koyon waƙoƙin biki, tulu na ta kuka.

Mang ya rame. Ya tare ta a lif, ta yi masa zancen lefe. Ya kira ta a waya, ta yi masa zancen ɗankwali. Daga ƙarshe yaron ya yi dabara. Ya zauna a kicin ɗinta yana jira, sai da ta kai ludayin gwate mai zafi baki za ta ɗanɗana gishiri, sannan ya zazzage mata komai a numfashi ɗaya: babu amarya, Wilfredo zai aura, doka a nan ta yarda, mahaifiyarsa a Jos ta daina ɗaukar wayarsa tun da ta ji, kuma abin da ya raba shi da coci ke nan. Gwate a baki, ba damar tofarwa, ba damar haɗiyewa. Ranar ce Mama Nankling ta fara jin magana daga farkonta har ƙarshe.

Ta nuna masa ƙofa da ludayin. Ta yi fushi, ta yi kuka, ta ji kunya irin wadda ba ta taɓa ji ba, don Elisabet ko kallonta ta yi sai ta ga kamar dariya take dannewa. Labari ya kai kunnen Fasto Dalyop, mutum mai sanyin hali amma ba a lanƙwasa shi. Ya ce ba ya ƙin yaron, sai dai ikilisiya ba ta san wannan da sunan aure ba, duk wadda ta je bikin za ta shiga horo, ta koma bencin baya, tulu kuma a ajiye shi. Mata suka ninke ankonsu, wata har ta ce nata labule zai zama.

Mama ta yi ta gardama da Ubangiji tana cuɗa bayan wata tsohuwa. Ta bincika Littafi Mai Tsarki ba ta ga inda aka ba ta izini ba, ba ta kuma yi wa kanta ƙaryar ta gani ba. Sai dai ta tuna wani mai gida da ya taɓa hana ta hayar ɗaki don ya ga gicciye a wuyanta, da yadda ta tsaya a titi da akwati a ka. Ta kuma tuna da bakinta ta ce ita ce uwar yaron, da guɗar da har kare ya shaida. To yanzu ta bi ƙofa ƙofa tana karɓo guɗarta?

Ranar bikin ta shiga zauren ita kaɗai cikin koriyar atamfa, ɗauri ya kai rufi, kular gwate a hannu. Mang na ganinta ya rufe fuska da hularsa. A gida, uwa ba ta barin wurin biki sai ta zaunar da amarya ta yi mata nasiha. Mama ta dubi wannan ta ga gemu, ta dubi wancan ta ga gemu, sai ta sa aka jawo kujeru biyu.

"Ni ban gane abin nan ba, ban kuma ce Allah ya ce a yi ba," in ji ta, Mang na fassara wa Wilfredo. "Amma ba a aurar da ɗana babu uwa. Tun da na rasa wanda zan ce wa ya yi haƙuri, ku yi ku duka biyu. Wanda ya fara fushi shi zai wanke tukunya."

Washegari Lahadi ta wuce kujerarta ta gaba ba ta ko kalle ta ba, ta je bencin baya ta zauna. Zumuntar Mata suka tashi waƙa babu tulu, waƙar na tangaɗi, ita kuwa yatsunta na ta motsi a kan cinya, hawaye na zuba. Ana tsakiyar baiti na biyu ta ji benci ya motsa. Mang ne, cikin rigar aikinsa, kansa a sunkuye, ya zauna a gefenta. Kawuna suka fara juyowa. Ya matso zai raɗa mata wani abu, ya ce, "Mama, ni dai na zo ne..."

Ba ta bari ya ƙarasa ba. Ta kama hannunsa ta riƙe gam a kan benci, inda kowa zai gani, ta ce ya buɗe baki ya yi waƙa, ba ta son iya shege.