Daren da Na Juya Tabarmar Ɗana

Shekarun baya, a shekarar da ruwa ya ɗauke gero yana ciki, aka yi ta fita roƙon ruwa har muryar liman ta dishe, ɗana na biyu yana ɗan shekara huɗu zuwa biyar. Duk wanda ya yi wayo a ƙauyenmu a lokacin ya san shekarar da nake nufi. Kafin bazara rumbu ya zama wurin kwanan kaji. Gonakinmu a nan ƙanana ne, ta kowa tana jikin ta wani, babu dajin da za ka shiga ka samo abin kaiwa baki. Abin da gona ta hana ka, ka rasa shi ke nan.

A lokacin gandunmu ɗaya da yayana, tun bayan rasuwar mahaifinmu. Gida ɗaya, sashensa a kudu, nawa a arewa, mahaifiyarmu a tsakiya. Bayan darnina kuma, ta arewa, akwai wata tsohuwa da ke zaune ita kaɗai. Aure ne ya kawo ta daga nesa, mijin ya rasu, ba ɗa a raye, ba dangi a kusa. Kwaɗon tafasa da rama take yi tana sayarwa. In yaro ya leƙa gidanta da yunwa takan ɗiba masa a tafin hannu. Ɗana yana cikin masu leƙawa, kuma akwai ranar da wannan kwaɗon ne kaɗai ya shiga cikinsa daga safe har magariba.

Abin ya fara ne cikin zafin bazara, lokacin da ake shimfiɗa wa yara a tsakar gida. An idar da Isha'i, muna zaune muna hira, yara sun yi barci. Kwatsam yaron ya tashi zaune ya ƙwalla wata ƙara da ban taɓa jin irinta ba. Idonsa a buɗe tar, amma ba ya ganin kowa. Gumi ya jiƙa shi, ƙirjinsa yana bugawa kamar ana daka a ciki. Uwarsa ta rungume shi, ya ture ta, yana shure-shure, hannunsa a miƙe yana nuna gabansa. Mahaifiyata ta watsa masa ruwa, ana jijjiga shi, ana kiran sunansa. Duk abin da aka yi masa sai ya ƙara fizgewa. Can ya lafa don kansa, ya koma ya kwanta, ya ci gaba da barci kamar ba shi ba. Mu kuwa babu wanda ya rintsa.

Da safe mahaifiyata ta zaunar da shi a cinya ta ce, “Kai mijina, me ka gani jiya?”

Ya ce, “A ina?”

“Da dare, da kake kuka.”

“Ni ban yi kuka ba. Inna, akwai koko?”

Haka aka ci gaba, yau ya yi, gobe ya huta, jibi ya sake. Aka yi tofi, aka sha rubutu, aka yi hayaƙi har ni kaina na yi ta tari. Wani mai magani ya karɓi zakara, da bai yi ba ya ce sai akuya. Ita ma ta tafi. Ni da nake ganin ina da wayo, da hannuna na ja igiyarta na kai masa.

Wata rana muna cin tuwon dare, in ma za a kira shi tuwo, yayana ya janye hannunsa daga akushi ya dube ni.

“Kai ba ka lura ba? Kullum ina yaron nan yake nunawa?”

Na ce, “Gabansa.”

“Arewa yake nunawa. Wa ke arewa? Kuma a hannun wa yake cin abinci?”

Na gane inda ya dosa. A wajenmu ana cewa mayya takan kama kurwar yaro ta hanyar ba shi abinci. Maganin kuma shi ne a kawo ta gaban jama'a, a kwantar da yaron, a tilasta mata ta tsallaka shi don ta saki kurwar. Wadda aka yi wa haka ta gama zama a garin. Babu mai sayen abin hannunta, babu mai ɗibar wuta a murhunta, babu mai bari ta taɓa gugarsa a rijiya. Tsohuwar nan kuwa ba ta da wani garin da za ta nufa.

Washegari mutanen gida suka sa yaron a tsakiya, ana tambayarsa. “Iya ta bayan darni ce kake gani, ko? Ita ce take kiranka?” Yaro ya dubi fuskokin manya, ya ga abin da suke so, ya gyaɗa kai. Kafin azahar yayana yana zauren mai unguwa. Aka yanke cewa ranar Juma'a, in an sauko daga masallaci, za a kawo ta.

Na bi mai unguwa har gida na ce, “Ranka ya daɗe, ɗana ne. A ba ni zuwa Juma'a ta sama.”

Ya ce, “Me za ka yi a ciki?”

Na ce, “Kallo zan yi.”

Ya yi dariya ya ce dama an san ni da sanyin jiki, ko gona ta kama da wuta sai na tsaya na ga ta ina iska take kaɗawa. Amma ya yarda.

Abin da ya sa na nemi lokaci shi ne 'yata, yayar yaron. Ita ma a wannan shekarar takan yi mugun mafarki. Amma nata daban ne. Wajen asuba yake zuwa mata. Takan farka sarai, ta san uwarta, ta rugo ta ƙanƙame ta, ta ce ta yi mafarki ta faɗa rijiya, ko kare ya biyo ta. In an rarrashe ta sai ta yi shiru, amma tana tsoron komawa barci. Har hantsi tana ba ƙawayenta labarin, tana ma ƙara wa karen girma. Shi kuwa nasa farkon barci yake zuwa, tun ba a tashi daga hira ba. Bai san uwarsa ba, rarrashi ba ya shigarsa, barci ba ya yi masa wuyar komawa, da safe kuma ko ɗigo ba ya tunawa. Sai na ce a raina, yarinyar nan ta farka ta faɗi abin da ta gani. Yaron nan anya ma yana farkawa? In bai farka ba, to shaidar wa za a kai gaban jama'a?

Na ce wa maiɗakina, “Yau in ya tashi kada ki taɓa shi. Kada ki kira shi.”

Ta ce, “Malam, ɗana yana ihu ka ce in zuba ido? Kai ka haife shi ko ni?”

“Zauna kusa da shi. Ki kawar da turmi da tukwane kada ya buge. Iyakar abin da za mu yi ke nan.”

Ta zauna tana hawaye, ta cusa hannuwanta a ƙarƙashin cinyarta don kada su kai gare shi. Abin ya zo, ya yi ihunsa, ya yi nuninsa. Amma da yake babu mai jijjiga shi, bai kai rabin yadda ya saba ba ya lafa, ya kwanta.

Ina zaune ina dubansa sai idona ya kai kan tabarmar. Mu a gidanmu, tun kakanni, ana kwantar da yaro kai kudu, ƙafa arewa, don ya kwanta a hannun dama yana fuskantar alƙibla. Wanda ya kwanta haka, in ya tashi zaune, arewa zai fuskanta. In ya miƙa hannu, darnin tsohuwa zai nuna, ko akwai tsohuwa ko babu.

Kashegari na ja tabarmar na sa ƙafarsa ta dubi yamma. Da abin ya zo, ya tashi ya nuna rumbu.

Na gaya wa yayana da murnata. Ya ce, “Rumbun ba a jikin darninta yake ba? Ai lallaɓowa ta yi ta laɓe a bayansa.”

Na ce, “To a kira mai unguwa da liman su zo su gani. Amma da sharaɗi, babu mai taɓa shi, babu mai yi masa tambaya.”

Ya ce, “Na yarda. Amma ka juya shi sarai, ya ba ta baya. In gani in ba zai waiwayo ya neme ta ba.”

Na buɗe baki zan tuna masa abin da ke kudu, ya ɗaga mini hannu ya ce ba ya son dogon turanci. Na ƙyale shi. Na taɓa tambayar kaina ko ya kamata in nace. Amma kwanaki suna tafiya, Juma'a tana matsowa.

Daren farko da suka zo, na sa ƙafarsa ta dubi kudu, amma yaro ya yi barcinsa lafiya lau, har da minshari. Mai unguwa ya kaɗe rigarsa ya ce, “Mun zo kallo, sauro ya ci kasuwarsa a kanmu.” Na sha kunya, na roƙe su su dawo. Suka dawo. A dare na biyu, liman yana cikin ba da labarin tsadar hatsi a kasuwar Gezawa, yaron ya zabura ya ƙwalla ƙara. Ya miƙa hannu sak, bai waiwaya ko'ina ba, ya nuna ƙofar ɗakin yayana. Ya yi ta nunawa yana ihu, sannan ya lafa ya kwanta.

Can mai unguwa ya yi gyaran murya ya dubi yayana.

“To, Malam, ranar Juma'ar kai za ka tsallaka shi, ko mu bar maganar?”

Liman ya sa hannun riga ya rufe baki, kafaɗunsa suna rawa. Da ya samu kansa ya ce, “Jama'a, a ƙyale baiwar Allahn nan ta sha ruwa. Yaron nan barci yake yi.”

Da sassafe na zagaya gidan tsohuwar na yi sallama. Na tarar da ita zaune a bakin ƙofa, kusa da ita ƙunshin kaya a ɗaure cikin tsohon zane, da ƙwarya a kife a kai. Babu wanda ya gaya mata komai baki da baki, amma darni ba ya tare magana.

Ta ce, “Ɗan nan, na ce gara in fita da ƙafata kafin a fitar da ni.”

Na ce, “Iya, kwance kayanki. Magana ta mutu.”

Ta ɗago kai ta dube ni. Sannan ta ce, “Yaron ya karya kuwa?”

Labarin bai tsaya a gida ba. Kafin kasuwa ta ci, samari sun sa wa yayana suna, in ya wuce sai a ce ga mayen kudu. Wasa ne a wajensu, amma shi abin ya ci masa rai. Ya same ni a gona ya ce, “Ka tara mutane a gidan ubana ka mayar da ni abin dariya saboda bare.” Na ba shi haƙuri, na tuna masa shi ya ce a juya. Hakan ma ya ƙara ɓata abin. Mahaifiyarmu ta shiga tsakani, liman ya shiga, bai sauko ba. Da aka yi girbi ya ce a raba gandu.

Yaron kuwa muka riƙa kwantar da shi da wuri, in rana ta take a sa shi ya ɗan runtsa, uwarsa ta riƙa rage masa wani abu daga nata ya ci kafin barci. Abin ya yi ta ja da baya har ya bari. Daga baya na kai 'yata asibiti saboda zazzaɓi, na ba malamin asibitin labari. Ya ce sun san shi, firgitar barci ce, takan sami yara musamman in sun gaji, ko barci bai ishe su ba, ko jikinsu da zafi. Ya ce ba mafarki ba ne, kuma yawanci da girma take wucewa. In ta yi yawa ko yaro yana jin rauni, a kawo shi a duba. Yanzu yaron nan magidanci ne. In an ba shi labarin sai ya yi ta dariya, ya ce shi dai bai san an yi ba. Tsohuwar ta zauna a ɗakinta har Allah ya karɓi ranta, mu muka yi mata sutura.

Ban yi karatun boko da ƙuruciya ba, da furfurata na shiga ajin yaƙi da jahilci. Da hannuna ya fara bin biro, wannan yana cikin abubuwan da na ce sai na rubuta muku, don na san har gobe akwai gidan da yaro zai tashi da ihu a ce wani ne. Ke uwa, in ya farka ya san ki, ya faɗi abin da ya gani, mafarki ne, ki rungume shi. In idonsa a buɗe amma bai san kowa ba, ki zauna kusa, ki kawar da abin da zai ji masa rauni, ki bar shi. Kada kuma a sa masa sunan kowa a baki da safe. A rayuwata ban yi abin a zo a gani da yawa ba, amma in na tuna wannan, nakan ji ƙirjina ya buɗe.

Abin da na rasa kuwa ba shi da wuyar ƙirgawa. Zakara ɗaya. Akuya ɗaya. Gonar mahaifinmu, da aka raba biyu aka shuka gamba a tsakiya. Ƙofar da ke tsakanin sashena da na yayana, da aka toshe da laka. Sai cin abinci tare. Muna gaisawa, muna zuwa wa juna suna da ta'aziyya, amma bai ƙara sa hannu a akushina ba har yau. Su ke nan, guda biyar. Na sha maimaita ƙirgar, tsohuwar ba ta ciki.