Kabar da Kaka Take Auna Mini Ƙafa

Ina da kamar shekara goma na gurɗe ƙafa a ramin kofaton shanu, cikin busasshiyar lakar fadamarmu ta wajen Guri. Lokacin jirgin ƙasa bai daɗe da fara ratsa ƙasar Haɗejiya ba. Maɗori ya ja mini targaɗen, zafi ya tafi, amma kumburi ya zauna a idon sawuna. Ga shi saura wata guda a yi su, wato kamun kifi na gayya, a babban tafkinmu, kuma a shekarar ne Baba ya yi alkawarin zai ba ni gora in shiga ruwa tare da maza.

Kakata Falmata ce ta karɓi jinyar. Bayan magariba takan zauna gaban wutar banda tana juya kifi. Sai ta gasa mini ƙafar da ruwan ɗumi, ta shafa man shanu, ta kife gorar su ta ɗora ƙafar a kai, sannan ta yi mini tatsuniya. Ta tsago kaba ta auna lafiyayyar ƙafata, ta ce ranar da bakin kabar ya haɗu a mai ciwon, ranar zan taka ruwa.

"Angona, ƙafa na sauka, bakina na rufuwa," in ji ta. "Ban iya zama da miji gurgu ba."

Tatsuniya ɗaya na fi roƙo. Wai zalɓe da agwagwa ne suka gurɗe ƙafa rana guda. Agwagwa ta ce kifi ba ya jiran mai ciwo, ta ci gaba da tsalle cikin laka, har ƙafafunta suka baje, ta koma tafiya tana rangaji har yau. Shi kuwa zalɓe ya naɗe ƙafarsa ya tsaya cik, tsuntsaye suna yi masa dariya. Da kifaye suka ɗauka kara ne, sai suka riƙa zuwa gindinsa da kansu. In na sauke ƙafa ina sosawa, sai Kaka ta yi shiru tana hura wuta, ta bar zalɓe a tsaye har in mayar.

Kumburin ya yi ta saɓewa, har na daina ganinsa. Amma kullum aka zagaya kabar, sai a ga saura kaɗan. Ranar su ina jin kiɗa da hayaniya daga tsakar gida, na yi kuka na ƙi tuwo. Kwana goma bayan haka kabar ta haɗu.

Sai bayan rasuwarta Inna ta gaya mini gaskiya. Ashe Kaka takan gutsure kan kabar da haƙori, don ta lura har lokacin ina ɗingishi in na ɗauka ba mai kallona. Ranar da ta ga na daina, ta tsago sabuwa.

Yanzu na yi furfura. Ina taka ƙafar nan zuwa kasuwar Guri in dawo, da yamma kuma in tafi ajin yaƙi da jahilci, ba ta taɓa yi mini tsami ba. Su kam na yi shi har na gaji. Na yi fushi da Kaka kwana goma, ban kuwa sami ko rana ɗaya na yi mata godiya ba. Allah ya haskaka kabarinta.